Bashi Hanji Ne

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma ba su ce a bar shi ya ƙulle ba, gama hanji in ya ƙulle ya kan kai mutum kushewa. Mu da mu ke ajin ƙarshe a wannan kwaleji, saura 'yan watanni a rarraba mu makarantu, mun ga ya kamata mu yi wa junanmu magana a kan wannan al'amari tun ba mu watse ba. Malamanmu sun koya mana shirya darasi, da riƙon rajista, da yadda a ke tsai da aji mai yara sittin, Allah ya saka musu da alheri. Amma akwai wani lissafi wanda ba ya fitowa a jarrabawa, watau lissafin aljihun malami, mun kuwa ga malamai gwanaye waɗanda wannan lissafi ya kayar. Wani ya iya koyar da kashi cikin ɗari a kan allo har daƙiƙin aji ya gane, amma shi kansa bai san kashi nawa cikin ɗari na albashinsa ya ke nasa ba.

Mun daɗe muna duban waɗanda suka riga mu fita, muna kuma jin labarinsu. Abin da muka lura shi ne, galibinsu ba caca ta sa su cin bashi ba, ba kuwa shashanci ba. Kunya ce ta shigar da su, ita ce kuma ta ke hana su fita. Wanda ya gane wannan, ya sami bakin zaren.

Ga yadda abin ya kan soma. Ranar da aka ce wane ya sami aikin malanta, kafin magariba duk garinsu an ji. Ba mai tambayar nawa ne albashin, abin da aka sani kawai ya zama ma'aikaci. Uwarsa ta yi shekaru tana ƙuli-ƙuli tana aika masa guzuri, kawunsa ya taɓa sayar da akuya ya biya masa kuɗin makaranta, ga ƙanne suna biye. Duk waɗannan suna da hakki a kansa, shi ma ya sani. Sau da yawa kuwa sabon malami ya kan yi wata biyu ko uku yana aiki kafin sunansa ya shiga takardar biya. Cikin wannan tsakani tilas ya kama ɗaki, ya ci abinci, ya sa riga mai tsabta ya tsaya gaban yara. Sai mai kanti ya buɗe masa shafi, ya ce, Malam ɗauki abin da ka ke so, ai wata zai mutu. Ran da albashin ya fito, rabinsa ya riga ya zama na mutane. Ya je gida da sauran, aka yi ta sa masa albarka, ya kasa buɗe baki ya ce abin da ya kawo ɗin nan shi ne iyakarsa. Tun daga ran nan ya soma cin watan gobe a cikin watan yau.

Sa'an nan aure ya zo. Lefen da aka kai wa 'yar maƙwabta akwati shida ne, malamin makaranta kuwa ba ya kai uku a yi da shi a gari. Bayan shekara ga suna, ga rago, ga goro. Matarsa kuma tana da nata bikin. Kowa ya san al'adar biki tsakanin mata: abin da ƙawa ta kawo miki ran naki sha'ani, ran nata sai ki mayar da ninkinsa, har abin ya yi nauyi a sake komawa ƙasa. Al'ada ce mai kyau wadda ta rufa wa mata da yawa asiri, amma ita ma bashi ce, ko da ya ke ba a kiranta da wannan suna. To, a kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai malamin yana iya cewa ba ni da shi. Kalmomi huɗu ne kacal, amma sun fi masa dutsen niƙa nauyi. Ya gwammace ya ranta. Ya manta zanen aro ba ya rufe katara.

Wannan ciwo ya girme mu, ya girmi albashi ma. Kakanninmu manoma sun san shi da sunan falle: mutum ya ci dami ɗaya na hatsi da bazara ko tsakiyar damina, da kaka ya biya biyu. Sun san jingina, inda mutum zai ba da gonarsa a riƙe, mai kuɗi ya yi ta nomanta har ran da aka fanshe ta. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta fitar da littafi a kan zaman manoman garin a 1972. Ta nuna yadda talakan manomi ya ke sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, don ya biya abin da a ke binsa, sa'an nan ya dawo ya sayi hatsi da tsada sa'ad da rumbunsa ya ƙare. Da damina kuma, maimakon ya nome tasa gona, sai ya tafi ƙwadago gonar wani don ya sami na tuwon dare, tasa ta cika da ciyawa, baɗi ya fi bana talauci. Duk wanda ya karanta wannan zai ga hoton malamin da mu ke magana. Albashi shi ne kakarsa, sai dai tasa kaka sau goma sha biyu ta ke zuwa a shekara, kowace kuwa ta tarar an riga an cinye ta tun tana tsaye.

Abin da zamaninmu ya ƙara shi ne sauƙin ci. A da mai neman rance sai ya yi sallama a zauren wani, ya tsuguna, ya faɗi bukatarsa, wannan tsugunno kuwa ya kan sa mutum ya sake tunani. Yanzu akwai masu ba da bashi ta wayar hannu, ba sallama, ba shaida, mutum yana kwance a ɗakinsa kuɗi su shigo. Mai jin kunya ya ga ya sami abin da ya ke so, bashin da ba wanda ya gani. Amma kafin su ba shi sun riga sun karɓi izinin duba sunayen da ke cikin wayarsa. Ran da ya yi jinkiri, sai saƙo ya isa wurin surukinsa da shugaban makarantarsa, ana kiransa macuci. Kunyar da ya guda a zaure ɗaya ta same shi a gidaje ɗari. Abin ya yi yawa har a 2022 hukumar tarayya mai kare hakkin masu saye ta rufe ofisoshin waɗansunsu a Ikko, ta kuma sa musu ƙa'idar yin rajista. Duk da haka hukuma ba ta iya shiga ɗakin mutum da tsakad dare ta riƙe masa yatsa.

Mu yi lissafin irin wannan bashi, tun da ya ke lissafi sana'armu ce. Mu ɗauka an ba mutum naira 40,000, da sharaɗin ruwa kashi 20 cikin 100 kowane wata. In ruwan kaɗai ya ke biya, naira 8,000 ke nan a wata, 96,000 a shekara, uwar kuɗin kuwa tana nan ko kwabo ba ta ragu ba. In kuma ya bari ruwan yana hawa kan uwar kuɗi, wata na fari su zama 48,000, na biyu 57,600, na uku 69,120, na huɗu 82,944. Cikin wata huɗu bashin ya haifi kansa har da ɗoriya. Mai falle ma har kaka ya ke jira kafin ya karɓi ninki.

Kada wani ya ce wannan magana ta aljihu ce kawai, ba ruwanta da aikinmu. Malamin da a ke bi bashi ba ya koyarwa da zuciya ɗaya. Yana rubutu a allo, kunnensa yana ƙofa. In ya hangi baƙo ya shigo filin makaranta sai gabansa ya faɗi. Ya kan sake hanyar zuwa masallaci don kada ya bi ta ƙofar mai kanti. Mafi muni kuwa, malami mutum ne da a ke ba amana: kuɗin jarrabawar yara, da na littattafai, da na ƙungiyar iyaye, duk ta hannunsa su ke bi. Ran da mai bin bashi ya matsa, ga kuɗin yara a aljihun tebur, Shaiɗan ba ya rasa abin faɗi, ya ce ai aro ne, wata na mutuwa za ka mayar. Malamai nawa aka kora ta wannan ƙofa, waɗanda da can ko allurar wani ba su taɓa ɗauka ba? Yara kuma suna gani. Abin da suka gani a halin malaminsu ya fi zama a zukatansu bisa abin da ya rubuta musu.

To, ina mafita? Mun sami amsar a wurin wani dattijo, shugaban wata makarantar firamare ta ƙauye inda aka tura waɗansunmu koyon aiki. Wata rana bayan an tashi yara ya zaunar da mu a ofishinsa, ya fito da wani tsohon littafin rubutu irin na 'yan aji uku, bangonsa duk ya yi laushi. Ya gaya mana a shekarar da ya yi aure mahaifinsa ya kwanta ciwo wata bakwai, kafin shekara ta kewayo mutum tara su ke binsa. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro a lokacin, shi kansa bai san jimlar ba, don ko cikin zuciyarsa ba ya yarda ya haɗa. Daren da ya daure ya rubuta sunayen tara ɗin a wannan littafi, kowa da abin da ya ke bi, da ranar da aka ci, ya ja layi ya tara, ya ce jimlar ta yi nauyi ƙwarai, amma a daren ne ya fara yin barci sosai. Dodon da ba a gani ya fi wanda aka gani girma.

Rubutu shi ne matakin fari, ba kuwa dabarar Turawa ba ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, abin da ta yi umurni da shi kuwa a rubuta, a sa ajali, a kafa shaidu, kome ƙanƙantar abin. Ko ƙasa ma haka ta yi. Nijeriya ta daɗe ana binta bashin waje, takardun suna warwatse a ofisoshi dabam dabam, sai a shekarar 2000 aka kafa ofishi guda na kula da bashi, aka tattara lissafin wuri ɗaya. Bayan haka ne aka iya zama da ƙasashen da ke bi, waɗanda a ke kira ƙungiyar Faris. A 2005, zamanin Shugaba Obasanjo, Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi, aka daidaita a kan bashin wajen dala miliyan dubu 30: aka yafe miliyan dubu 18, ƙasar ta biya sauran, ta gama a 2006. Da ba a san jimlar ba, da ba a sami abin da za a yi ciniki a kansa ba. Saboda haka kowa ya sayi littafinsa. Waɗanda suka karɓi bashin karatu na Gwamnatin Tarayya, wanda aka kafa dokarsa a 2024, su sa shi a shafin fari. Ba a ɗora masa ruwa ba, amma sunansa bashi.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi ɗaci, shi ne kuma maganin. Dattijon nan ya ce ran Jumma'a bayan an sauko, ya ɗauki littafinsa ya bi mutanen nan tara ɗaya ɗaya har gida. Bai jira sun zo ba. Kowanne ya gaishe shi, ya buɗe masa shafinsa, ya ce ga abin da ka ke bina, ga albashina, ga ranar da zan fara kawo maka, ga abin da zan riƙa kawowa. Ɗaya ya zage shi a gaban mutane. Biyu suka ce ba su yarda ba sai ya kawo wanda zai tsaya masa, ya kawo limamin unguwa. Sauran suka karɓa, har wani mai sayar da hatsi ya yafe masa kashi ɗaya cikin uku nan take, ya ce shekara ashirin yana ba da bashi, bai taɓa ganin wanda ya kawo kansa ba. Mun yi ta tunanin wannan magana. Abin da ke ƙona zuciyar mai bin bashi, ɓuya ce ta fi jinkiri. In ya ga kana sake hanya, ya tabbata ka yi niyyar cinye masa dukiya, sai ya ɗaura ɗamarar tozarta ka. In kuwa ka zo da ƙafarka, ka mai da shi abokin shawara. Shari'a ma ta tsaya wa wanda ya zo da gaskiya, gama a wannan sura dai, aya ta 280, an umurci mai bi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Amma ta yaya zai saurara wa wanda bai gaya masa ƙuncinsa ba?

Mu tuna kuma cin bashi a kan bukata ba abin kunya ba ne. Ya tabbata cikin hadisi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Abin da aka tsananta a kansa shi ne mutum ya mutu da hakkin wani ba tare da ya bar hanyar biya ba, har aka taɓa kawo gawa ya ƙi yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ashe mun juya abin. Muna jin kunyar a san ana binmu, ba mu jin kunyar mu kwana da hakkin mutane ba rubutu ba shaida.

Mataki na uku, a jera basussukan, gama ba duka ne su ke da dafi ɗaya ba. Mu koma kan misalinmu. Mu ce malami yana ɗaukar naira 100,000 a wata. Masu wayar nan suna binsa 40,000 da ruwansu, mai kanti 30,000, mai gidan haya 60,000, wani abokin aiki 50,000, jimla 180,000. Ya matse ya ware 30,000 kowane wata don biya. In ya ce zai yi adalci ya raba huɗu, kowa 7,500, to ya yi aikin banza, domin ruwan bashin waya kaɗai 8,000 ne, watau yana biya bashin yana ƙaruwa. Amma in ya roƙi sauran ukun su ba shi wata biyu, ya tara ƙarfinsa duka a kan mai ruwan, wata na fari 48,000 su koma 18,000, wata na biyu ya ba da 21,600 ya kashe shi, har ya sami rarar 8,400 ya kai wa mai kanti. Wata na uku ya sallami mai kanti, na biyar mai gida, na bakwai abokin aiki. Abin da ya fitar duka 191,600. Wata bakwai ba kwana bakwai ba ne, amma sannu ba ta hana zuwa. Ƙa'idar dai ita ce, a fara kashe bashin da ke haihuwa, sa'an nan wanda zai raba mutum da abinci ko wurin kwana, sa'an nan na masu haƙuri. Kada kuwa haƙurinsu ya sa a manta da su. Ko ba a kai kansu ba, a riƙa zuwa ana gaishe su ana gaya musu inda aka kai.

Daga ina 30,000 ɗin za su fito? Nan ne kunya za ta sake tare hanya, gama tilas a gaya wa mutanen gida. Maigida da yawa matarsa ba ta san albashinsa ba, yana ganin in ta sani girmansa zai ragu. Ita kuwa tana auna cefane da abin da ta ke zato, ba da abin da ke akwai ba. Dattijon nan ya ce da ya nuna wa matarsa littafin, ta yi kuka, sa'an nan ta tashi ta ƙirga abin da ke fita a gidan, ta gano ɓarnar da shi bai taɓa gani ba. Ita ce ta ce a bar sayen hatsi mudu mudu, a sayi buhu da kaka. Ita ce kuma ta je wa ƙawayenta na biki ta ce a sauko da abin ƙasa, suka yarda, ashe su ma nauyin ya ishe su, kowace tana jiran wadda za ta fara faɗi. Shi kuma ya sayar da babur ɗinsa ya koma kan keke. Ya ce mako biyu aka yi ana yi masa ba'a a bakin kasuwa, daga nan aka sami wani abin magana aka bar shi. Kunyar mako biyu ta saya masa kwanciyar ran shekaru talatin.

Iyaye ma a gaya musu. Ba mu ce a yanke taimakon dangi ba, Allah ya kiyaye, wanda ya ci gumin uwarsa ya yi karatu ba ya da bakin faɗin haka. Abin da mu ke cewa a yanka musu rabo sananne kowane wata, a kai da hannu biyu, a gaya musu gaskiyar abin da a ke samu. Ba uwar da za ta so a ce atamfar da ta ɗaura ran salla da kuɗin ruwa aka sayo ta. Abu kaɗan da ke zuwa kullum ya fi mai yawa wanda zai zo sau biyu ya ɗauke.

Bayan rage fita, sai ƙara shiga. Babban hutunmu da damina ya ke faɗuwa, malamin ƙauye kuwa ba ya rasa inda zai sami 'yar gona. Wanda ya noma abin da gidansa zai ci wata huɗu, ya ƙara wa kansa albashi ba tare da ya roƙi kowa ba. Wani ya iya ɗinki, wani gyaran waya, wani ya koyar da yara da maraice. Sharaɗi ɗaya ne, kada sana'ar ta ci lokacin aji, don kada a biya bashin mai kanti da hakkin yara.

Akwai kuma igiyoyi biyu da jama'a suka tanada don jawo wanda ya faɗa rijiya. Ta fari adashe. In aka duba da idon lissafi, wanda ya yi ɗaukar fari rance ya karɓa ba ruwa, wanda ya yi ta ƙarshe ajiya ya yi. Saboda haka mai bashin ruwa ya gaya wa uwar adashe halin da ya ke ciki, ya roƙi ɗauka ta kusa, ran da ya ɗauka kuwa ya wuce kai tsaye ya kashe bashin, kada kuɗin su kwana a gida. Amma adashe ɗaya ya isa. Wanda ya shiga uku yana zuba wannan da kuɗin wancan, ya haƙa rami ne don ya cike rami. Ta biyu ƙungiyar gama kai, wadda dokarta ta kafu a ƙasar nan tun 1935, malamai kuwa suna da irinta a wurare da yawa: a yanki wani abu daga albashi a ajiye, mai bukata ya ranta da sauƙi. Wanda bashi ya danne shi ƙwarai har ba ya iya motsi, ya sani mabarta suna cikin mutum takwas da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, waɗanda zakka ta halatta gare su. Hakkinsa ne, karɓarsa kuwa ta fi taɓa kuɗin yara daraja nesa.

Ranar da aka ja layi a kan suna na ƙarshe, aiki bai ƙare ba. Ƙasarmu da ta fita a 2006 ta sake komawa, har bashinta na waje ya wuce dala miliyan dubu 40 a 2022. Mutum ma haka ne, in ƙofar da bashi ya shigo tana buɗe, zai dawo. Dabarar dattijon nan ita ce, kuɗin da ya saba warewa don biya bai mai da su cikin cefane ba, ya ci gaba da ware su kamar har yanzu ana binsa, sai dai yanzu kansa ya ke biya. Farko ya tara abin da zai riƙe gidansa wata guda, don ran da albashi ya yi jinkiri ko yaro ya kwanta kada ya koma zauren kowa. Wannan shi ne rumbun ma'aikaci. Sai dai a lura, kuɗin takarda su kan zube daraja. Bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kaya suka yi ta hawa, har a watan Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ce tsada ta ƙaru da kusan kashi 35 cikin 100 a shekara guda. Wanda ya binne naira a ƙarƙashin katifa a wannan shekara, kamar ya zuba ruwa ne a tulu mai yoyo. Don haka abin da ya wuce na ko-ta-kwana a mai da shi abin da ke riƙe daraja. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan, shi ya sa da sun sami 'yan kuɗi sai su sayi tunkiya. Mai son ajiya a banki kuma yana gudun riba, tun 2012 aka fara bankin da ba ya mu'amala da ruwa a ƙasar nan.

Saura abu guda. Wanda ya fita, wata rana wani zai zo ya tsuguna a gabansa. Ya tuna da mai hatsin nan. In zai ba da rance ya ba da abin da in bai dawo ba ba zai rushe shi ba, ya rubuta, ya sa shaida ko da ɗan'uwansa ne, gama rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ne ke tsare zumunci. In kuwa ba shi da shi, ya faɗi kalmomin nan huɗu da sakin fuska, ya zaunar da mai bukatar su yi lissafi tare.

'Yan'uwa, kwanan nan za a ba kowannenmu takardarsa, wani a tura shi birni, wani ƙauyen da mota ba ta zuwa sai ran kasuwa. Cikin kayan da za mu ɗaure, mu sa littafin rubutu guda wanda ba na darasi ba. Watan fari mu rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, mu gaya wa na gida gaskiya tun ba su saba da ƙarya ba. Wanda ya riga ya shiga, kada ya jira a zo masa, ya ɗauki littafinsa ya tafi. Muna roƙon malamanmu kuma, in da hali, a ba wannan lissafi ko da darasi ɗaya ne a ajin ƙarshe, don ƙannenmu da ke tafe. Allah ya rufa mana asiri, ya biya wa mai bashi bashinsa, ya sa mu gama aiki hannunmu da tsabta, amin.